Littattafan Maman Salama

"Sunayen gidajen kawai nake so, Malama Lois. Ki faɗa mini, mu za mu je mu karɓo da kanmu."

Malam Najmuddeen, shugaban ƙaramin reshen laburaren unguwar, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ko takalmi bai cire ba. Malama Lois tana kwance a katifa a ƙasa, ƙafafunta sun kumbura suntum. Asibiti sun sallamo ta, sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kowa kuwa ya san abin da hakan yake nufi. Juwairiyya maƙwabciyarta na zaune a gefe tana yi mata fifita, don zafin Azare na bazara ba ya tausayin mara lafiya, wuta kuma babu.

"Oga, littattafan suna inda ya kamata su kasance," in ji Lois, muryarta da ƙyar take fita.

"Inda ya kamata su kasance shi ne kan kantocin laburare. Manya za su zo daga Bauchi duba reshe. Me zan nuna musu, katako?"

Juwairiyya ta ajiye maficin. "Malam, ko sannu ba ka yi mata ba fa."

"Sannu," ya ce, yana duba agogo. "Ni dai na faɗa. Kayan gwamnati ne."

Ya juya ya fita, ƙamshin turarensa ya rage a ɗakin. Juwairiyya ta raka shi da tsaki mai tsawo.

Ga yadda abin ya faro. Lois mutuniyar wajen Bogoro ce, aiki ya kawo ta Azare tun 'yarta Salama tana goye, ta kama haya jikin katangar Juwairiyya. A laburare an ba ta aikin kai karatu cikin jama'a. Su abin da suke nufi da wannan shi ne a tara 'yan makaranta a rumfa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Lois ta yi musu hakan har ta gaji. Ta lura matan aure, waɗanda suka yi firamare aka cire su da waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka fara mantawa, ba za su taɓa taka ƙofar laburare ba. Sai ta dubi Juwairiyya, wadda dillaliya ce, babu gidan da ba ta shiga da ƙullin atamfa da mayafai. Daga nan littattafai suka fara tafiya cikin ƙullin: na labarai, na kiwon kaji, na rainon jarirai, na koyon haɗa baƙi. Suka zaga unguwanni, suka hau acaɓa har garin Chinade. In wannan ta gama a kai wa waccan.

Lois ba ta taɓa rubuta sunan kowa ba. Wasu mazan sun sani, suna ma sa a karanta musu. Wasu kuwa ba su sani ba, kuma ranar da ma'aikacin gwamnati ya tsaya a ƙofar gida yana kiran sunan matar mutum, wannan matar ta shiga uku.

"Maman Salama, ki bar ni in tattaro su," Juwairiyya ta ce bayan fitarsa. "Ni na raba, ni na san gidajen. Ba sai wani namiji ya je ba."

"A'a, Yaya."

"Ke ba ki ji abin da ake faɗa ba? Har a wajen masu nama an ce wai kin sayar da su ana ƙunshe tsire. Ke! Ke da ko biron ofis ba kya dawowa da shi gida!"

Lois ta yi 'yar dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ta ce, "Su faɗa. In littattafan nan suka koma hannunsa ba za su sake fitowa ba. Na san shi. Ki bar su a hannun masu karanta su."

"Sunanki fa?"

"Sunana ba ya koya wa kowa karatu. Ki yi mini alkawari, Yaya."

Juwairiyya ba ta yi alkawarin ba. Ta ɗauki kofin kunu ta tallafo kanta, tana faɗa tana ba ta, tana cewa ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinta ba. Haushin Lois take ji kamar yadda take jin na Najmuddeen, har ma ya fi, don ita wannan tana son ta.

Ranar wata Talata da hantsi, Salama tana shanya a tsakar gida, Juwairiyya tana goge wa mara lafiyar fuska da tsumma mai sanyi, sai ta ji numfashin ya canja. Ta ƙwalla wa Salama kira. Kafin yarinyar ta ƙaraso hannunta da kumfa, an gama. Juwairiyya ce ta rufe mata ido, tana salati, Salama tana kiran sunan Yesu, babu wadda ta hana wata.

Aka kai gawar ɗakin ajiya na asibiti, kafin dangi su shirya ɗaukarta zuwa gida. Ƙofar gidan ta cika da 'yan coci da matan zumunta da maƙwabta. Da la'asar sai ga Malam Najmuddeen cikin babbar riga. Ya zauna a benci, ya yi ta'aziyya yadda ake yi, har ya ce marigayiyar mai haƙuri ce. Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Sai ya gyara murya, a gaban fasto, a gaban kawun Salama da ya zo daga ƙauye.

"Sai dai akwai kayan gwamnati a wuyanta. Na bi ta har kan gadon ciwo, ba ta bayar ba. Ni dai na fita haƙƙinku."

Kawun ya sunkuyar da kai. Salama ta tashi ta shige ɗaki.

Juwairiyya tana bayan labulen zaure, ta ji komai. Ita tun tana yarinya ta san abu ɗaya: ba a kai mutum kabari da kayan wani a wuyansa. Ana tsayawa a kan gawa a tambaya, a sauke masa nauyi kafin a rufe shi. Ko addini ya bambanta, kabari dai kabari ne. Kuma a ce wannan mata, da ta yi jinyar Juwairiyya lokacin da ta karye, ita za a kai garinsu da sunan ɓarauniya, a gaban 'yarta? Ta tuna abin da Lois ta roƙe ta sarai. Ta ce a ranta, mai rai ne ke iya jure zagi, gawa ba ta da bakin kare kanta.

Washegari ta ɗauki buhu ta fita.

Ba aiki ne mai wuya ba, shi ya sa ya fi ciwo. Duk gidan da ta shiga ta ce an kira Malama ɓarauniya, sai matar ta dafe ƙirji ta shige ɗaki. Zulaiha ta ciro nata daga ƙarƙashin kwanukan jere. Kellu ta zaro nata daga cikin buhun gero. Wasu sun ɗinka musu riga da ƙyallen atamfa, wasu sun sha hayaƙin murhu har sun yi ja, amma ko shafi ɗaya bai ɓace ba. A Chinade, tsohuwa Ya Fanna, wadda sai da ta yi jikoki ta koyi haɗa baƙi, ta riƙe nata da hannu biyu.

"Ban kai ƙarshe ba fa, Juwairiyya. Yarinyar cikin labarin tana hanya, ban san ko ta isa ba."

"In baƙin sun tafi zan dawo miki da shi, Ya Fanna."

"To. Ki gai da 'yar marainiyar."

Ta shiga laburaren da buhuna a bayan acaɓa, gumi ya jiƙa mata hijabi. A tsakiyar ɗakin ta zazzage su, a gaban masinja da mai shara da duk wanda ke wurin.

"Ga kayan gwamnatinka! Ka duba da kyau. In akwai wanda aka ƙunshe tsire da shi ka nuna mini!"

Malam Najmuddeen ya duba, ya yi murmushi har kunne. "Ai dama mun san Malama ba za ta ci amana ba."

Shi da bakinsa ya je ya faɗi haka a ƙofar gidan makokin, har ya ba da motar ofis ta raka gawa. Da za su tashi Salama ta rungume Juwairiyya tana kuka tana cewa, "Mama, kin wanke sunanta." Kawun ma ya zo ya yi godiya. Juwairiyya ta tsaya a bakin titi har motocin suka sha kwana, zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

Baƙin Bauchi suka zo, suka ga kantoci cike, suka yaba, suka ci kaji suka tafi. Juwairiyya ta bari aka kwana biyu, sannan ta ɗauki ƙullin atamfarta ta nufi laburaren.

Ta tarar an kawo sabon kabad mai gilashi, an jera littattafan a ciki, an sa kwaɗo.

"Malam, na zo in mayar wa masu karatu."

"Wane masu karatu?" Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. "Ai wancan tsarin ya tafi da mai shi. Ba zan sake shiga irin wannan rigimar ba. Duk mai son karatu ta zo nan ta zauna, ƙofa a buɗe take daga safe zuwa azahar."

"Daga safe zuwa azahar? Matan aure? Wa zai dafa maka abincin da kake komawa ka ci? Matarka ta taɓa zuwa nan?"

"Hajiya, ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Kai ka san ba za su zo ba. Ita ma ta faɗa mini haka za ka yi, tana kwance tana mutuwa ta faɗa mini!"

"To da kika sani, me ya sa kika kawo?"

Ya tura makullin kabad ɗin cikin aljihu, ya ce shi zai je salla, in ta gama a ja ƙofa.

Ɗakin ya rage daga ita sai kujeru. Ta sauke ƙullin daga kanta, ta matsa jikin kabad ɗin tana neman na Ya Fanna, ko ta gane shi. A nan ta ga abin da ba ta lura da shi ba ranar da take cusa su a buhu. Kusan kowane littafi akwai tsinken tsintsiya da ya leƙo ta samansa, wani kusa da farko, wani a tsakiya, wani saura kaɗan a gama, kowace mace da inda ta tsaya. Juwairiyya ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. A waje ladan ya fara kiran azahar.