Fon Khairat a Motar Nyanya

A garinmu ba a yabon ɗan fari, ko sunansa uwa ba ta kamawa a gaban mutane. To ni dai a yi mini uzuri, yau sai na yabi tawa. Sunanta Khairat, shekararta biyu da ɗoriya, kuma abin da ta yi a motar Nyanya ko babba sai ya yi da gaske.

Lokacin an ɗauke ni aiki a wata ma'aikata a Garki, shekarun nan da Abuja ke cika tana batsewa, duk inda ka waiwaya bene ake ɗorawa. Mu kuwa can bayan gari muke zaune, a Nyanya. Litinin zan fara. Matsalar ita ce wa zan bar wa yarinya. Babanta, Lukmanu, tun asuba yake fita wajen gini. Surukata Hajiya Lantana kuwa ta yanke nata hukuncin daga Zariya: a kai mata jikarta ta riƙe, mu riƙa zuwa gani da sallah. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, Hajiya mutuniyar kirki ce. Amma ni ba zan iya rabuwa da 'yata ba.

Mafita ɗaya na samu, gidan rainon yara na Madam Christiana a Area 1, kusa da ofishinmu. Gurbi ɗaya ya rage mata, a ɗakin waɗanda suka ɗan tasa, kuma tana da doka.

"Wannan ɗaki ba na karɓan yaro mai famfas," ta ce da Hausarta ta Abuja. "Ka kawo shi ran Asabar kafin azahar. In ya zo daga Nyanya wando a bushe, na ɗauka. In ya jiƙe, ka yi haƙuri."

Na sayo fo ja a kasuwa, muka shiga daga. Na goge fitsari a tabarma, na goge a kujera, har a cikin takalmin babanta na goge. Da ƙyar ta gane, amma da sharaɗinta: sai a bayan labule, kuma kada wanda ya kalle ta, har ni da na haife ta. Ban san inda ta kwaso wannan kunya ba, don ni kam ba a wajena ba ne.

Ranar Asabar na sa mata wando mai furanni, na cusa fon a baƙar leda. Lukmanu yana ɗaura takalmi yana dariya.

"Nafeesa, da fo za ki shiga cikin gari? Ki sa mata famfas ɗin mana, in kun kusa ki cire. Wa zai sani?"

"Litinin Madam za ta sani," na ce. "Sai ka kai ta Zariya da hannunka."

Dariyar ta tsaya.

Muka samu doguwar bas a tasha, cike maƙil. Kusa da ni wata Bayarabiya ce mai sayar da gwanjo, da ƙullin kayanta a cinya. Khairat ta yi mata murmushi, kafin in ankara matar ta fasa ledar fiya wata ta sa mata a baki. Yaya zan ce wa mai alheri ta bari? Ina kallo yarinya ta tsotse ta tas, har da lashe leɓe. Na ce a raina, shi ke nan, an gama da ni.

A gangaren Kugbo muka tarar da gosulo irin wanda direbobi ke kashe mota su fito miƙa. Rana ta take. Can sai na ji an ja mini mayafi.

"Umma, fo."

"Ki ɗan riƙe, mun kusa."

Ƙarya nake, ko ƙamshin gari ba mu ji ba. Sauka ba ta yiwuwa, muna tsakiyar layi, kuma in motar ta motsa ta bar mu ba zan samu wata kafin azahar ba. Ta fara matse ƙafafu tana rawa a cinyata. Na tattara sauran mutuncina na ajiye gefe, na zaro fo ja a gaban jama'a na dasa shi tsakanin kujeru.

Kwandasta ya hango. "Madam, nan mota ne, ba bayan gida ba."

"To ka zaɓa, ko a fo ko a kujerarka."

Ya kau da kai. Amma gimbiyar ta ƙi zama. Ta dubi idanun da suka yi mata caa, ta riƙe wandonta gam.

"Suna gani na."

Na lallaɓa, na yi alkawarin alewa, na zare ido. A banza. Hawaye ya cika idonta, ƙafafunta na karkarwa, amma ko ɗigo ba ta saki ba. Wallahi tausayinta ya kama ni, har na buɗe baki zan ce ta yi a wandon kawai, Zariya ma gida ce.

Bayarabiyar nan ce ta tambaye ni me ake ciki. Na faɗa mata a gurguje, har da zancen Madam da na Hajiya. Nan take ta kwance ƙullinta ta zaro wani labulen gwanjo mai kauri, ta miƙa gefe ɗaya ga wata budurwa da ke tsaye, ita ta riƙe ɗayan. Na tare ragowar da mayafina. Wani dattijo ɗan kasuwa, da ji ka san Bakano ne, ya juya wajen maza.

"Jama'a, kowa ya kalli taga. Hajiya ƙarama za ta kewaya."

Suka juya kuwa, har da masu kwat da jakar ofis. Ni ma na kau da kai kamar yadda doka ta tanada. Motar ta yi tsit. Sai ga ƙarar fitsari a roba, siririya, doguwa, kamar ba za ta ƙare ba. Tunda nake ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

"Na gama," ta ce daga bayan labule. "Ruwa."

Dattijon ya miƙo butarsa ta bayan kai ba tare da ya waiwayo ba. Kwandastan da kansa ya buɗe ƙofa na zubar a kwata, yana toshe hanci yana dariya. Wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Ita kuwa ta hau cinyata ta gyara zama, fuska a murtuke, kamar ba da ita ake ba. Kaina ya yi girman da na ji motar ta yi mini kaɗan.

Ana kiran azahar muka isa, Madam Christiana na shirin rufe ƙofa. Ta durƙusa ta taɓa wandon gaba da baya, ta ɗago ta dube ni.

"Daga Nyanya? A wannan gosulo?"

"Daga Nyanya."

"Ka kawo shi Litinin."

A bakin ƙofar na kira Hajiya na faɗa mata. Ta ce Allah ya raya, ta ce ai ubanta ma sai da ya shekara huɗu yana jiƙa mata shimfiɗa.

Litinin da safe na sauke ta daga baya a ƙofar Madam. Na shirya lallashi iri-iri, don na tabbata za ta maƙale mini tana kuka. Sai ta karɓi ledar fonta daga hannuna, ta rungume, ta bi sauran yara ciki da 'yar tafiyarta ta agwagwa. Na jira ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba.

Na daɗe a tsaye da zanin goyo a hannu, ina murmushi ina share ido, sai da mai gadi ya ce mini da Hausarsa irin ta Madam, "Madam, za ka makara aiki."