Shaidar Baba Rabe

Sau uku Baba Rabe yana sake alwala a bakin famfon masallacin Hausawa na unguwar New Bell a Duwala, kowane karo sai ya ga kamar bai wanke gwiwar hannu ba. Ba salla ce a gabansa ba, la'asar da saura. Alƙur'ani zai dafa.

Shi fa ba mutumin da ake ganin rawar jikinsa ba ne. Shekara arba'in yana sauke albasar Marwa a Duwala, bai taɓa zama a aji ba, amma ba a haifi wanda zai yi masa wayo ba, ko da Faransanci ne. Duk unguwa kuwa babu wanda bai haddace labarin hanyar Waza ba: yadda 'yan Boko Haram suka tare motarsu shekara tara da suka wuce, harsashi ya tsaga masa kunne, ya kwana biyu a daji yana shan ruwan kududdufi. Sai ya ja kunnen ya nuna. Daga nan ya sassauta murya, ya ce ɗansa Jibirilla, wanda ke tuƙa motar, a kan cinyarsa ya cika, shi ya laƙanta masa kalmar shahada, shi ya rufe masa ido.

A kan wannan magana aka yi zaman makoki. A kanta Naja'atu, matar Jibirilla, ta yi takaba. Gobe Juma'a za a ɗaura mata aure da wani tela, sai sabon liman ya ce babu gawa, babu takardar shaidar mutuwa, to wanda ya gani da idonsa ya zo ya rantse.

"Zakin Waza!" in ji Hamman mai shayi daga tsallaken kwata. "Yau a masallaci za a karanta mana? Bara mutum goma suka tare ku, bana na ji sun kai talatin."

"Kai da tayar babur ɗin bensikin in ta fashe sai an zaƙulo ka daga ƙarƙashin tebur," in ji Baba Rabe. Aka yi dariya. Shi ma ya yi.

A zauren Liman Salmanu fanka na juya iska mai ɗumi. Naja'atu na zaune a bakin ƙofa cikin hijabi, hannuwanta sun sha lalle. Ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka sha kunun da na aiko?"

"Na sha, 'yata. Allah ya yi albarka."

Bai sha ba. Shekara tara ba ta fasa aiko masa ba, ko ranar da ruwa ya cinye layinsu.

Liman ya ɗauko Alƙur'ani daga gafaka ya ajiye a kan buzu. "Abu ne mai sauƙi, Baba. Ka dafa, ka ce ka ga rasuwar Jibirilla da idonka. Shi ke nan, kowa ya tafi hidimarsa."

Baba Rabe ya miƙa hannu. Hannun da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai, yau ga shi ya kasa sauka a kan Alƙur'anin. Ya tsaya a sama.

Abin da ya faru ya fi labarin gajarta. Harbin farko, Jibirilla ya taka birki, ya miƙo hannu ya buɗe masa ƙofa. "Baba, sauka ta nan! Yi ta gudu, ina bayanka!" Ya gudu. Ƙaya ce ta tsaga kunnen. Ya ji takun ƙafa a bayansa na ɗan lokaci, daga baya bai ƙara ji ba, kuma bai waiwaya ba. Sojoji sun tarar da motar a ƙone, ba kowa a ciki. Da ya iso gida, uwar yaron ta riƙe masa riga tana tambaya ko ɗanta ya samu shahada. Ya ba ta amsar da za ta iya ɗauka. Ta rasu da ita. Labarin kuwa ya ci gaba da girma a bakinsa, har wani lokaci shi ma yana jin nauyin kan yaron a cinyarsa.

"Baba?" in ji liman.

Ya janye hannun, ya cusa shi cikin aljihu.

"Ban gani ba, Malam. Guduwa na yi. Ya ce yana bayana."



"Inna lillahi," in ji liman a hankali. "To aure dai ba gobe ba. Hukuncin wanda ya ɓata daban ne, sai malamai sun zauna."

Naja'atu ba ta yi kuka ba. Ta juya tafin hannunta tana kallo.

"Baba, shekara tara ina cewa Allah ya ji ƙansa. Yaransa ma haka na koya musu. Yau in na idar da salla, me zan ce?"

 Baba Rabe ya juya wajen liman.

"Malam, kana da biro? An ce akwai sansanin da sojoji ke ajiye waɗanda suka fito daga daji, can wajen Mora. Rubuta mini sunansa da boko, manya-manya, yadda soja zai karanta. Jibirilla Rabe, direba. Dogo ne, baƙi, yana da wushirya."

"Kai za ka je? Da wannan shekarun?"

"Rubuta dai."

Liman ya yago takarda ya fara rubutu. Daga bakin ƙofa, ba tare da ta ɗago kai ba, Naja'atu ta ce, "A ƙara da tabon ƙuna a kafaɗar hagu. Baba bai san da shi ba."