Ranar da Aguamala ta Harbi Wilmor

Rosendo ne ya fara ganin su, da hantsi, a rana ta tara da fitowarsu daga Kaukira. Yana zaune cikin kwalekwale, filafili a hannu, yana bin kumfar numfashin ƙanensa Wilmor da ke tasowa daga ƙasan teku, sai ya lura ruwan ya cika da aguamala. Wasu halittun teku ne farare kamar majina, ido ba ya kama su sai rana ta haske su, kowace tana jan dogayen zarenta masu dafi a baya.

Aikinsa ke nan a kwalekwalen: ya bi kumfa, ya karɓi manyan jatan landen nan da ake kira langosta, ya miƙa sabuwar tukunyar iska. Shi ma ya yi nutso shekara goma sha tara kafin ruwa ya cinye masa ƙafar hagu. Tun daga nan yake jan ta.

Wilmor ya taso da langosta bakwai a jaka, ya tofar da robar numfashi yana dariya.

"Yaya, akwai wani rami can ƙasa, cike yake dam."

"Dubi ruwan tukuna," in ji Rosendo. "Hawo mu matsa gaba."

Wilmor ya waiga, ya taɓe baki. "Waɗannan? Tun ina yaro suke lasata. Tsufa ne ya fara sa ka tsoro."

"Tsufan ubanka. Ko rigar kirki ba ka da ita."

Tsohuwar rigar ƙwallo ce a jikinsa, wuya da hannuwa duk a waje.

"Uban namu ɗaya ne ai. Miƙo tukunya, wannan ce ta ƙarshe, sai mu je mu ci rogo."

Rosendo ya miƙa masa. Ita ce ta shida a ranar.

An yi kamar minti ashirin kumfa tana tasowa daidai, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tsaya. Sai kuma ta ɓarke gaba ɗaya, ruwan ya yi fari fat. Rosendo ya miƙe a kan ƙafarsa mai lafiya yana ihu, ko da yake ya san ba a ji daga can.

"A hankali! Wilmor, a hankali!"

Duk mai nutso ya san wannan. Wanda ya daɗe a zurfin gaba ashirin ba ya tasowa da gudu. Yakan hau kaɗan, ya tsaya, ya sake hawa, in ba haka ba iska ta kumbura a cikin jininsa ta kashe masa gaɓoɓi. Wilmor kuwa ya faso ruwan kamar an harbo shi, har ƙirjinsa ya fito waje, yana kururuwa yana yakushin wuyansa.

Da ƙyar Rosendo ya jawo shi ciki. Zaren ya naɗe masa wuya, ya bi ta leɓe har kunne, fatar ta yi jajayen layuka kamar an zane shi da bulala. Rosendo ya zazzaga masa ruwan kal ɗin da ke cikin kwalba, ya kankare zaren da bayan wuƙa, nasa yatsun ma suna ci da wuta.

"Saurare ni," ya ce. "Koma ƙasa yanzu. Sauka gaba goma ka zauna, sannan ka taso a hankali. Yanzu, kafin ciwon ya kama ka."

"Ba zan koma ba."

"Don Allah, ƙanena."

"Suna nan, Yaya! Duk suna nan!"

Rosendo ya ɗauki robar numfashi ya tura masa a baki da kansa. Leɓen ya riga ya kumbura, ya kasa riƙe ta, ta faɗo. Ya sake turawa, ta sake faɗowa. Wilmor ya kwanta a kan langostar yana rawar ɗari.

"Ba abin da ya same ni," ya ce. "Wuyan ne kawai."

Babban jirgin da ya kawo su yana can nesa, kamar ɗigon baƙi. Rosendo ya kama tuƙi. Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba, kuma kowane ɗan lokaci sai ya tambaya.

"Ƙafafun fa?"

"Lafiya lau."

Can kuma: "Ƙafafun fa?"

Wilmor ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya ce, "Kamar kiyashi suna tafiya a ciki."

Rosendo ya ajiye filafili, ya mintsini babban yatsan ƙafar ƙanensa da dukan ƙarfinsa, har farce ya shiga. Wilmor yana kallon sama, bai ko motsa ba.

"Me ya sa ka tsaya?" ya tambaya.

"Ba komai," in ji Rosendo, ya ci gaba da tuƙi.

A jirgi aka ɗaga Wilmor da igiya. Kyaftin Anselmo ya zo ya duba wuyan, ya ce harbin aguamala ne kawai, a ba shi ƙwayar ciwo ya huta, saura kwana uku a koma gida.

"Kyaftin, ba ya jin ƙafafunsa."

"Zuwa gobe zai ji. Mutum arba'in ne a jirgin nan, Rosendo. In juya saboda mutum ɗaya?"

Rosendo bai yi gardama ba. Ya je bakin jirgi ya tsaya, duk kwalekwalen da ya iso sai ya kira mai nutson ya nuna masa Wilmor. Suka riƙa hawowa suna kallo. Da aka buga ƙararrawar komawa ruwa bayan cin abinci, ba wanda ya tashi. Wani dattijo a cikinsu mai suna Clenton ya kwance bel ɗin dalmarsa ya ajiye a gaban kyaftin, sauran ma suka yi haka. Anselmo ya zazzage su tas, ya shiga ɗakinsa, ba a jima ba aka ji injin ya tashi.

Tafiyar kwana ɗaya da rabi ce. Rosendo yana gefen ƙanensa, yana ɗiga masa ruwan kwakwa a baki, yana juya shi. Mararsa ta kumbura don fitsari ya ƙi fita. Da gari ya waye kumburin leɓen ya sauka, Wilmor ya iya magana sosai.

"Na san ka'idar, Yaya. Wallahi na sani. Ina ce wa kaina tsaya, tsaya, amma jikina ya ƙi. Ji na yi an zuba mini tafasasshen mai a fuska."

"Kowa ma haka zai yi."

"Kai da ba ka yi ba."

"Da na yi," in ji Rosendo. Bai san ko gaskiya ya faɗa ba.

A asibiti aka sa Wilmor cikin ɗakin ƙarfen da ake sa masu nutso don fitar musu da iskar da ta kumbura a jini, sau biyar cikin kwana biyar. Likita ta ce da an kawo shi a ranar, da wataƙila ya warke. Hannuwansa suka dawo. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa shiru.

Mako biyu bayan haka Rosendo da Clenton suka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa suka hau da shi matakalar gidansa. Matarsa Idalia tana tsaye riƙe da 'yarsu ta goye. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta gyara shimfiɗa kusa da taga, ta dama masa ayaba da madarar kwakwa, ta riƙe masa kofin.

Da wata ya zagayo ta sami aiki a rumfar da mata ke wanke wata irin aguamala suna zuba mata gishiri, ana kai wa ƙasashen waje. Takan dawo da yamma hannuwanta jajur, idanunta suna ruwa. Rosendo ne ke zama da Wilmor har ta dawo. Ranar farko Wilmor ya shaƙi warin jikinta ya juya fuskarsa bango.

"Sai ka yi haƙuri," in ji Idalia. "Nan kaɗai ake ɗaukar mutane."

Ta fita bayan gida ta wanke hannu da sabulu, ta dawo ta ce wa Rosendo ya kama kafaɗu, ita ta kama ƙafafu, suka juya shi.