Sunansa a Kan Maƙalarta

…kuma wai maƙala ɗaya tak. Ɗaya. Duk shekarun da ya kwashe a jami'ar nan yana koyar da falsafa da nazarin Littafi Mai Tsarki, har gashin kansa ya ƙare a gaban allo, yau abin da ya tsaya tsakaninsa da kujerar farfesa maƙala ɗaya ce. Kwamitin ƙarin girma zai zauna ƙarshen wata, baɗi kuma ritaya. Daga wannan zaman babu wani.

Tana nan a waje, ɗalibarsa ta digirin dakta. Yana jin kukan bencin baranda duk sanda ta gyara zama. Ya ce ta ɗan jira shi, ya turo ƙofa, ga shi zaune yana kallon fanka tana kwashe zafi daga wannan lungu tana kai wa wancan…

Mujalla ta karɓi aikinta, yau za ta aika sunayen marubuta. Yarinyar ta tsaya bakin tebur ɗazu, hannu a baya kamar mai laifi. "Baba, in sa sunanka tare da nawa? Ai kowa haka yake yi."

Kowa! Ai ya san kowa. Haka ake yi a gidan nan: ɗalibi ya yi gumi, malami ya ɗora suna a gaba, a ƙirga wa kowa nasa. Shi kaɗai ya ƙi, tun yana ƙaramin lakcara mai riga biyu. Abin da ban rubuta ba, sunana ba zai hau kai ba — haka ya riƙa faɗa a ɗakin malamai, da ƙarfi ma, suna dariya suna ce masa Waliyyi. To, Waliyyi, ga ka nan.

Shugaban sashe… yaron da sai da ya maimaita Girkanci a hannunsa kafin ya haye, shi ne ya shigo da safe. Ya ƙi zama don ladabi, yana sosa ƙeya, wai shi ma abin ya dame shi, amma doka ce, adadin maƙalu ake dubawa. Farfesa ne yanzu. Yana russunawa yana Malam, Malam — gara ma ya zage shi.

Littafin da ya rubuta fa? Rabin rayuwarsa, a kan abin da ya sa Allah mai alheri yake barin marar laifi cikin wahala. 'Yan falsafa suka ce wannan wa'azi ne, a kai wa 'yan tauhidi. 'Yan tauhidi suka ce tambayoyin sun yi yawa, zai rikita wa ƙananan fastoci kai. Kwamiti kuwa ya ƙirga shi abu ɗaya, daidai da 'yar maƙalar da mutum biyar suka taru suka yi wa rubdugu.

A gida kuma, uwar yara tana gyara masa kwalar riga — a coci kowa Farfesa yake ce maka, kai kuma sai ka tsaya a bakin ƙofa kana Dakta ne, Dakta ne, ka bar mutane su yi maka fatan alheri mana. Da dariya take faɗa. Amma ta riga ta ɗinka kayan da za ta sa ranar laccar kama kujera. Ya gan su a ƙasan akwati, ta ɗauka bai gani ba.

A tsaya tukuna. A bi abin daki-daki, yadda yake koya musu a aji. Mene ne rubutawa? Tambayar da maƙalar ta ginu a kai, a bakin wa yarinyar ta fara jin ta? A bakinsa. Wa ya tura ta ga nassin Ibrananci? Wa ya cika mata gefen shafi da jan biro har ta yi kuka a kan kujerar can? To in aka auna — a'a. A'a. Amsar tata ce. Ran da ya karanta sashe na uku sai da ya cire tabarau ya ajiye, don abin da ya yi shekaru yana kewayawa, ita ta shiga kai tsaye ta fito da shi. Bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya sani, Allah ma ya sani.

Amma wa zai cutu? Ita ta kawo da kanta. Ba ƙwace ba ne, kyauta ce… Kyauta daga wadda digirinta yake hannunsa? Ka ji malamin ɗa'a! Da ɗalibi ne ya kawo masa wannan hujjar a jarrabawa, da tuni ya zagaye ta da ja.

Ya gaji. Ya gaji da zama abin misali. Waɗanda ya ƙi hawa aikinsu duk sun wuce shi, suna ɗaga masa hannu daga cikin mota, suna ba ɗalibansu labarinsa — akwai wani malaminmu, mutumin kirki ƙwarai… sai ka ce ya riga ya mutu.

Ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali.

"Baba, sun kusa rufe karɓa. Me zan ce musu?"

Haushi ne ya cika masa ƙirji, haushinta, sai yanzu kuma yake gane na mene ne. Ba tayin ne ya ɓata masa rai ba. Tambayar ce. Da ma ta sa sunan kawai ta aika… ya gani bayan an buga, ya kira ta ya yi faɗa, faɗa sosai, har da buga tebur — kwamiti kuma ya ƙirga. Abin da yake so ke nan. Shi.

Ita kuwa ba za ta taɓa yin haka ba. A hannunsa ta tashi.

"Baba?"

Bakinsa a buɗe yake. Benci ya yi shiru, tana tsaye, tana jira…