Zakin da Ke Tsoron Baro

Shekara bakwai Dogo yana kwashe kashin namun daji a gidan zu. Ran da Manaja ya ce ana neman mai zagayawa da baƙi yana yi musu bayani da Turanci, shi ya fara kai suna. Aiki ne na riga mai kwala, ba shebur. Gwaji ranar Litinin, gaban baƙi na gaske.

Ya nufi gidan yayarsa, malamar Turanci. Ya same ta tana guga a falo.

"Abu mai sauƙi," ta ce. "In kana maganar zaki gaba ɗaya, duk jinsinsu, ka sa 'the' a gaba, ko ka sa 'a'. Zaɓi ɗaya ka ce min: zaki jarumi ne."

"Wane zakin?"

"Kowanne."

"Yaya, namu baro yake tsoro."

Ta kafe dutsen guga a tsaye. "Ba naku ake tambaya ba. Zaki dai, zaki."

"Ni ban san zaki dai zaki ba. Tsoho na sani."

Tsoho shi ne zakin gidan zu ɗin, mai rabin haƙora, wanda Dogo ke share wa keji kullum da safe.

Kwana uku tana ɗura masa. Ta rubuta jimla goma a bayan tsohuwar kalanda, kowacce sai da ya yi mata gardama. Biri yana da wayo? Nasu jiya ya maƙale hannu a gwangwani. Jimina tana da gudu? Tasu ko don abinci ba ta tashi.

"Kai, ɗan nema, haddace ka bar ni in huta," in ji Yaya. "Ba shaida za ka bayar a kotu ba."

Ya haddace.

Ranar Litinin Dogo ya zo cikin rigar mijin Yaya, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Baƙi shida, da huluna da kyamarori. Manaja a baya, riƙe da biro. A kejin biri Dogo bai yi tuntuɓe ba. A na jimina ma haka. A gaban Tsoho ya gyara murya, ya zaɓi 'the', ya shaida wa duniya cewa zaki jarumi ne. Manaja ya gyaɗa kai.

Sai ga ƙiii, ƙiii. Mutumin da aka bar wa shebur ɗin Dogo ranar ne ya turo baro ta bayansu.

Tsoho ya zabura, ya zame, ya cusa kansa bayan kwamin ruwa. Wutsiya kawai ake gani, tana rawa.

Ido goma sha biyu suka dawo kan Dogo. Jimlolin kalanda suka watse. Ya dubi wutsiyar nan, ya ji kunya ta kama shi, ba tasa ba, ta Tsoho.

"Ban da wannan," ya ce, da Turancin da ya rage masa.

Ya ba su labari. Yadda baro ya taɓa kifewa kusa da Tsoho yana ɗan jariri. Yadda ba ya cin nama in ana kallonsa. Yadda yake fushi ranar da Dogo ke hutu. Su 'a' da 'the' duk sun zube a hanya, babu wanda ya tsaya tsince su. Baƙi suka yi ta dariya. Wata ta roƙi a sake turo baron don ta ɗauki hoto.

"A'a," Dogo ya ce. "Sau ɗaya ya isa. Dattijo ne."

Da suka tafi, Manaja ya daɗe yana kallon takardarsa.

"Turancinka kamar an tauna an tofar," ya ce. "Gobe ka zo ka karɓi riga. Kuma kada wanda ya sa wa baron nan mai."

Da yamma Yaya ta tare shi a ƙofa. "Wanne ka sa?"

"'The'."

"Ka gani? Zaki jarumi ne."

"Wane zakin?"

Ta jefe shi da matashin kujera.