Kuskuren Saw Pah Dwe

Ana tsakiyar baiti na biyu na waƙar coci numfashin Naw Say Paw ya ɗauke. Daga bencin maza, can baya, wata murya mai kauri ta haura sama daidai inda ya kamata ta sauko.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan yake wannan ɓarna: mijinta, Saw Pah Dwe. Malamin waƙa, Po Kyaw, ya yi fama da shi har ya gaji. "Pah Dwe, waƙar nan ba bishiyar kwakwa ba ce, sauko!" Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce ai Allah a sama yake. Har sojojin Japan suka kwashi maza zuwa aikin hanyar jirgin ƙasa bai gyara ba. Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, wasu aka kawo labarin mutuwarsu. Shi ko labarin babu. Say Paw dai kullum shinkafar mutum uku take zubawa, tata da ta 'yarsu da tasa.

Kai, matar nan akwai zuciya. Ba ta waiwaya ba. Ta kama muryarta ta ƙarasa waƙar, ta zauna har aka sa albarka. Sannan ta juya.

Ba shi ba ne. Wani baƙo ne ramamme, ƙafarsa naɗe da tsumma. Ta tare shi a ƙofar coci.

"Ɗan'uwa, wa ya koya maka waƙar nan?"

"Na ɓata ta ne, Yaya?"

"Ka ɓata ta ƙwarai. Wa ya koya maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Wani dogo mai wushirya, a sansaninmu. Duk wanda muka binne, dogon ke jan waƙar, mu bi. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya faɗa mini sunan ƙauyen nan. Ya ce ba sai na tambayi gidan kowa ba. In shiga coci kawai in yi ta yadda ya koya mini, matarsa za ta nemo ni."

Say Paw ta dafa ƙyauren.

"Shi fa, wa ya yi masa waƙar?"

"Mu da muka rage."

"Da hawan nan nasa?"

"Ba mu san wata hanyar ba, Yaya."

Sai ga ta tana dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ɗan banza. Ya je ya lalata sansani guda."

Malam Po Kyaw ya ƙaraso da littafinsa a hammata. "Baƙo, sannu da zuwa. Amma baitin nan na biyu..."

"Malam, ƙyale shi haka," in ji Say Paw. Ta share fuska da gefen zaninta, ta dubi baƙon. "Taho mu je gida. Yarinyar za ta so ta ji komai. Abincinka ma na riga na zuba."