Jan Bargo a Bakin Tafkin Magnus

Wendell Isbister ya san makonnin banza kamar yunwar cikinsa. Shekara ashirin da shida yana tuƙa ƙaramin jirgin samansa a arewacin Manitoba, kuma kowace shekara sai sun zo: ƙanƙara ta hau kan tafkuna amma ba ta yi ƙwari ba, jirgi mai kwale-kwalen ƙarfe a ƙafa ba zai sauka ba, mai allunan sulɓi ba zai sauka ba, karnuka ma in suka ja kaya suka hau, nitsewa za su yi. Wata guda cur, duk wanda ke daji sai shi da Ubangijinsa. Ya san haka sarai, amma ya bar yayansa Magnus a daji.

Magnus ɗan tarko ne, mai ɗana wa namun daji tarko, shi kaɗai yake zaune da karnukansa shida a bakin wani tafki mai nisan awa ɗaya da rabi a sama, wanda ko suna ba shi da shi a taswira. Ran da Wendell ya kai masa gari da shayi na ƙarshe, ya tarar da shi ya rame, yana tari.

"Yaya, tarin nan ba na wasa ba ne. Na ga tsumman da ka ɓoye bayan murhu, duk jini. Shiga jirgi mu tafi."

"Auta, yaushe ka zama likita? Kifin karnuka bai gama bushewa ba. Ka dawo bayan kwana takwas."

"Kwana takwas? Dubi bakin ruwa mana."

"Ni za ka nuna wa ruwa? Ni da na koya maka iyo kana zubar da majina?"

Shekarar Wendell hamsin da huɗu, kansa duk furfura, amma bai taɓa maida wa Magnus magana ba, domin shi ya rene shi. Sai ya ce to, ya tada jirgi. Ladabi abu ne mai kyau, amma na ran nan wauta ce tsagwaronta.

A rana ta takwas dusar ƙanƙara ta sauko, ta yi kwana biyar ko bishiyar ƙofar gida ba a gani. Da gari ya washe Wendell ya tashi da jirgi. Tun daga nesa ya hango tafkin Magnus ba ya motsi, ya yi sumul yana ƙyalli kamar faranti. Ƙanƙara ce siririya, irin wadda ke tsaga kwale-kwalen jirgi daga gaba har baya, jirgin ya kifa da mai shi.

'Yan daji suna da alamarsu da matuƙa. Rassan kore a jere a bakin ruwa, lafiya lau, wuce abinka. Jan bargo a shimfiɗe, sauko ka ɗauke ni. Shekara talatin Magnus rassa yake jerawa, ko a ran da gatari ya sare shi a ƙafa. Yau ga jan bargo, an danne kusurwoyinsa da duwatsu.

Sau tara Wendell ya zaga tafkin yana neman ko tsagi ɗaya na ruwa. Babu. Magnus ya fito ya jingina da ƙofa, ya ɗaga hannu. Wendell ya jefa masa ƙunshin magani ta taga, ya juya da hawaye a fuska, don mai ya kusa ƙarewa.

Kogin gari bai gama daskarewa ba, ya samu ya sauka tsakanin ɓaraguzan ƙanƙara. Ovide Chartrand, bakanikensa, yana jiransa a gangare da tarakta da sarƙar ɗaga jirgi. Tsoho ne mai baki, sun fi shekara ashirin suna zagin juna.

"Sannu da zuwa, sarkin taurin kai. Kowa ya sa taya tun makon jiya, kai kana nan kana wanka kamar agwagwa. Ina tsohon?"

"Tafkin ya rufe. Ya shimfiɗa bargo, Ovide."

Ovide ya cire lofe daga bakinsa. Wasa ya ƙare.

"Kada ka taɓa min kwale-kwale," in ji Wendell. "In iskar kudu ta taso, za ta fasa ƙanƙarar. Kwana ɗaya kawai nake nema."

"Wace iskar kudu? Haba, maigida, dubi hayaƙin gidajen can, miƙe yake kamar sanda. Ka bar jirgin nan a ruwa, kafin safiya ƙanƙara ta matse shi ta murƙushe. Ka fitar da shi, gobe ba ruwan da za ka maida shi. Sai dai mu sa taya, mu jira ƙanƙara ta yi kaurin taƙi guda, mu ɗaura alluna ka je."

"Mako uku ke nan."

"In an yi sa'a."

"Ba zai kai ba."

Ovide ya tafi ya tada tarakta.

Suka jawo jirgin kan tudu, suka rataye shi da sarƙa a jikin gungume uku, yana lilo ruwa na ɗiga. Aikin da suke gamawa kafin shayi ya huce a sauran shekaru, ran nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wendell ya kwance wayoyin da ke ɗaure kwale-kwalen, ya sake duba su kamar yau ya fara ganinsu. Notuna sun daskare, sifana tana manne wa fatar hannu. Ovide ya ciro ƙafafun taya daga rumfa, ya goge musu ƙurar rani, ya shafa giris, bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya fi zagi ciwo a wurin Wendell.

Saura kusa ɗaya, babba, ta gaba a hagu. Wendell ya ɗora guduma a kanta ya tsaya. Muddin tana nan, jirgin na ruwa ne, kuma shi mutum ne mai shirin komawa ya ɗauko yayansa.

"Kawo in buga," in ji Ovide.

"Bari. Ni na bar shi can, ni zan buga."

Ya buga sau uku, ta fita ta faɗa cikin dusar ƙanƙara. Kwale-kwalen suka zauna a ƙasa da wata ƙara ta fanko. Kafin rana ta faɗi jirgi ya tsaya kan tayoyinsa, sun tura shi filin tsakuwa na bayan gari.

Taya ba ta kai mutum tafkin Magnus, sai dai ta kai shi samansa. Kullum da safe Ovide ya sari ƙanƙarar kogi da gatari ya auna: yatsa biyu, yatsa biyu da rabi, yatsa uku. Kullum Wendell ya tashi, ya je ya jefa burodi da magani, ya ga hayaƙi, ya ga bargo, ya dawo. Daga rana ta biyar Magnus ya daina fitowa ƙofa. Daga ta bakwai ƙunshin jiya yana nan inda ya faɗi.

"Yatsa huɗu," in ji Ovide a rana ta goma. "Kada ka soma. Na ga yadda kake kallon allunan nan."

"Ɗaura min su."

"Wallahi ba zan ɗaura ba. Gawa biyu kake so in tono a bazara?"

Wendell ya ɗaura abinsa da kansa, Ovide yana tsaye yana zaginsa. Ya yanke shawara, yau zai sauka, ƙanƙarar ta ɗauke shi ko ta haɗiye shi. Jiya ma sai da ya sauko ƙasa ƙasa, har tayoyinsa suka kusa shafar ƙanƙarar a gaban tagar Magnus, yana gwada ta da ido.

Da ya iso, babu hayaƙi. Babu jan bargo. A wurinsa ga rassa kore guda biyar a jere, a karkace, ba irin jerin Magnus mai tsari ba. Daga ƙofa zuwa bakin tafki ba sawun ƙafa ba ne, shatin mutum ne da ya ja jiki da gwiwa da hannu, ya je ya dawo. Karnukan shida kuma an kwance musu sarƙa, suna ta kai da kawowa a bakin ruwa suna ɗaga kai. Ɗan tarko ba ya sakin karnukansa sai in ya san ba zai sake ba su abinci ba.

Wendell ya gane. Yaya ya ga gwajin jiya ta taga, ya san abin da Auta ke shiryawa, shi ne ya kwashe ƙarfin da ya rage masa ya fito ya ce masa lafiya lau, wuce abinka.

Ya zaga sau ɗaya, yana kuka kamar yaro, yana kiran "Yaya" a cikin ƙarar inji. Hannunsa yana kan abin rage wutar inji, ƙanƙarar tana nan ƙasa a shimfiɗe. Bai taɓa maida wa Magnus magana ba, yau ma bai maida ba. Ya karkata fiffike sau biyu, yadda matuƙa ke amsa rassa, ya juya kudu.